Labarin Marayan Bukuru da Abin da Ya Gada

Da sunan Allah a ke buɗe magana, da taimakonsa a ke rufe ta. Tsira da aminci su tabbata ga shugaban Manzanni, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya kai mai karatu, akwai wata mas'ala wadda ba a cika kai ta zauren malam ba, ba a kuwa baje ta a rumfar kasuwa, alhali gidaje kaɗan ne ba ta taɓa leƙawa ba. Ita ce mas'alar yaron da zuciyarsa ta kamu da son kiɗa tun bai san damansa da hagunsa ba. A aike shi rijiya, ya komo yana kaɗa gindin garwa. A aza masa talla, ya je ya tsaya bayan makaɗa har rana ta faɗi, bai sayar da ko na anini ba. A kwaɓe shi yau, gobe a tarad da shi bayan ɗaki yana ɗaura fata a bakin fasasshiyar tukunya. Uban ya yi faɗa har ya gaji, uwar ta yi lallashi har ta gaji. Wani ya ce jini ne, a bincika dangi. Wani ya ce ruɗin Shaiɗan ne, a yi masa rubutu ya sha. Wani kuwa ya ce ƙuruciya ce, za ta wuce.

Domin a auna waɗannan maganganu uku bisa ga abin da ya auku, ga labarin wani mutum wanda da wuya a sami Bahaushen da bai taɓa jin muryarsa ba, watau Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos, mai kuntigi. Labarinsa ya dace da wannan bincike, domin shi ɗan makaɗi ne, amma bai buɗe ido ya ga ubansa ba, balle ya koya daga hannunsa. Saboda haka a kansa a ke iya rarrabe abin da jini ya ba mutum, da abin da gida ya ba shi, da abin da ya nema da ƙafarsa.

FASALI NA FARKO: GADO DA SHIGEGE

Tun zamanin kakanni, sana'a a ƙasar Hausa iri biyu ce. Akwai ta gado, wadda mutum ya tashi ya tarad da ubansa da kakansa a kanta. Akwai kuma shigege, wasu su ce haye, watau wadda mutum ya shiga da rana tsaka ba tare da ya gada ba. Maƙeri ɗan maƙeri, majemi ɗan majemi, wanzami ɗan wanzami, haka malanta, haka fatauci. Mutane sun fi sakin jiki da mai gado, suna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Kiɗa yana cikin sana'o'in da gado ya fi ƙarfi a cikinsu, kowane kayan kiɗa kuwa da mutanensa. Tambari da kakaki na sarauta ne, ba a taɓa su don talaka. Taushi da kotso da jauje na makaɗan fada ne. Kalangu asalinsa na mahauta ne, dundufa ta maƙera, garaya ta maharba, gangar noma ta manoma ran gayya. Yaron da aka haifa a gidan makaɗa ba a zaunad da shi a ce yau za a fara koya masa. Da fari shi ne mai ɗaukar kaya in za a tafi gidan biki. Sa'an nan ya shiga sahun 'yan amshi. Sa'an nan a miƙa masa ƙaramar ganga ya riƙe kiɗa guda ba sauyi, har kunnensa ya nuna, hannunsa ya faɗa. Sai bayan shekaru, in babba ya tsufa ko ya kwanta dama, a ke sakar masa gaba. Ta wannan hanya Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya biyo. Ya tashi cikin jama'ar ubansa Usman Ɗankwanda, ya yi amshi, ya zauna ƙarƙashin wansa, kafin ya kai ga shugabanci, ya kuma rasu a 1991 ya bar 'ya'yansa a kan sana'ar.

Misalin shigege kuwa shi ne Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923. Ubansa ba makaɗi ba ne, ya kuwa ƙi jinin ɗansa ya shiga waƙa, don yana ganin ta roƙo ce, roƙo kuwa zubad da girman gida ne. Shata ya taɓa tallan goro da na alewa, amma waƙa ta rinjaye shi, ya zauna a kanta har ya rasu a 1999. To, ga mai gado ya shahara, ga ɗan shigege ya shahara. Ɗan Maraya kuwa tsakaninsu ya faɗo: ta wajen asali mai gado ne, ta wajen koyo ɗan shigege ne.

FASALI NA BIYU: GIDAN DA YA TASHI

An haifi Adamu a Bukuru a shekarar 1946. Bukuru gari ne a bisa tudun Jos, kudu da Jos ɗin kaɗan, kuza ce kuwa ta tara jama'arsa. Tun farkon mulkin Turawa kamfanoni suka kafa haƙar kuza a ƙasar Birom. Ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, Hausawa suka yi ta kwarara daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zazzau da Bauchi, wasu don leburanci, wasu don fatauci da dillanci, ga mahauta, ga maɗinka, ga malamai da almajiransu. A lokacin yaƙin Hitila, daga 1942 zuwa 1944, har tilas aka riƙa yi wa mutane daga lardunan Arewa su zo su haƙa. Inda Hausawa suka taru kuwa sai sun yi sarki, inda aka yi sarki sai an sami makaɗi. Mahaifin Adamu shi ne makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru.

Ba a daɗe da haihuwar yaron ba uban ya rasu. Uwar ma ba ta jima ba ta bi shi, tun yaron yana jariri. Sai Sarkin Hausawa ya ɗauki ɗan makaɗinsa ya kai shi cikin gidansa ya riƙe. Daga nan sunan ya samo asali: aka riƙa cewa ɗan maraya, ɗan maraya, har laƙabi ya danne sunan yanka.

Ya kamata a tsaya a nan a yaba wa sarkin nan. Tsakanin ubangida da baransa akwai amana wadda ba a rubuta ta a takarda. Makaɗi ya ba da muryarsa da kwanakinsa yana ɗaukaka sunan gidan, da ya faɗi kuwa gidan bai bar jininsa a titi ba. Malamai sun san matsayin da hadisi ya ba mai riƙon maraya, na kusanci da Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a gidan Aljanna. Da ba don wannan riƙo ba, da labarin ya ƙare tun bai fara ba.

To, me yaron ya gada? Bai zauna a gaban ubansa ba, bai ɗaukar masa ganga ba, bai yi masa amshi ko sau ɗaya ba. Duk matakan nan da aka lissafa a fasali na farko, mutuwa ta yanke su. Amma gidan sarauta, ko ƙarami ne, ba ya rabuwa da makaɗa da maroƙa: ran salla suna nan, ran suna suna nan, ran biki suna nan, in baƙo mai girma ya sauka suna nan. Garin kuza kuwa gari ne na 'yan albashi, inda albashi ya ke kuwa nan masu kiɗa na kowace ƙasa su ke sauka. Yaron ya tashi kunnensa cike da wannan, ga shi kuma kowa ya san ko ɗan wane ne. Tun yana ƙarami aka ga hankalinsa ya karkata ga kiɗa, yana manne wa makaɗan garin, yana ɗaukar abin da ya ɗauka.

Wannan shi ne kashi na farko na gadonsa: suna da kunne. Sunan uba ya sa ba a yi mamakin ganinsa a bayan makaɗa ba, kunne kuwa gida da gari ne suka cika masa shi.

FASALI NA UKU: TAFIYA BARNO DA ƘIRAR KUNTIGI

Tun bai balaga ba tafiya ta kai shi Maiduguri. Fatake sun san wannan hanya: daga Jos a bi ta Bauchi, a wuce Fataskum da Damaturu, tafiyar fiye da mil 300. A wancan zamani jirgin ƙasa bai kai Barno ba, sai a 1964 ya isa Maiduguri, saboda haka manyan motoci ne ke jigilar mutane da kaya, su kai hajar kanti, su komo da gyaɗa da fatu da bandar kifin Chadi. A can yaron ya ga makaɗa waɗanda suka ƙayatad da shi ƙwarai, har ya zauna ya haɗa kuntigi da hannunsa. Tun daga ran nan bai sake rabuwa da shi ba har ƙarshen ransa.

Ga wanda bai taɓa duba shi kusa ba, kuntigi shi ne ƙarami cikin kayan kiɗa masu tsirkiya. Molo tsirkiyarsa uku, garaya biyu, goge ɗaya amma da izga a ke goga ta. Kuntigi tsirkiya ɗaya gare shi, kaɗa ta a ke yi. Cikinsa gwangwanin kifi ne irin mai tsawon nan na kanti, a rufe bakinsa da fatar akuya a ɗaure tam, a soka 'yar sanda ta zama wuya, a ja tsirkiya daga ƙarshen sandar zuwa gindin gwangwanin, a sa ɗan guntun itace a kan fatar ya ɗaga ta. In aka kaɗa tsirkiya sai ta yi rawa, ɗan itacen ya kai rawar ga fata, fata ta kai ta ga iskar da ke cikin gwangwani, sauti ya fito. In mai kiɗa ya danne tsirkiya da yatsa ya gajarta ta, sai murya ta yi sama. In ya saki, ta sauko. Da wannan hawa da sauka a ke bin hawa da saukar maganar Hausa, har mai sauraro ya ji kamar gwangwani ne ke amsa wa mai shi.

Akwai abin lura ga 'yan kasuwa a nan. Kuzar da a ke haƙa a Bukuru, a wancan lokaci Ingila a ke kai ta a narke, babban aikinta kuwa shi ne a shafe ƙarfen gwangwani da ita don kada ya yi tsatsa. Gwangwani ya zo da kifi, a cinye kifin a jefad da shi a juji. Abin da attajiri ya yar, shi marayan garin kuza ya tsinta ya mai da shi jari.

Me ya sa bai nemi irin kayan makaɗan fada ba, tun da can ne asalinsa? Wanda ya san yadda sana'ar ta ke zai ga amsa a fili. Kiɗan fada ba na mutum ɗaya ba ne. Yana bukatar jama'a, masu ganguna da 'yan amshi da sanƙira, galibinsu 'yan'uwa ne ko barorin gida, yana kuma bukatar ubangida mai ba da doki da riga. Wanda ya gaji ubansa yana raye, duk wannan a shirye ya ke tarad da shi. Maraya ba shi da wa mai ja masa gaba, ba shi da ƙane mai yi masa amshi. Kuntigi kuwa ba ya neman kowa. Ba shi da sarki, ba wata zuriya da ta ce nata ne, kuɗin haɗa shi bai kai na tuwon dare ba, a aljihun riga ma sai ya shige. Mai shi shi ne makaɗi, shi ne mawaƙi, shi ne ɗan amshin kansa. Maraici ne ya zaɓa masa abin kiɗan da ya yi daidai da maraya. Hausawa kuwa sun ce kada a raina allura, ƙarfe ce.

Wannan shi ne kashi na biyu, wanda ba gado ba ne ko kaɗan: himma. Yara nawa ne suka ga makaɗan nan na Maiduguri suka yi sha'awa suka wuce? Shi ya nemi gwangwani da fata ya zauna.

FASALI NA HUƊU: WAƊANDA YA YI WA WAƘA

Uban ya yi wa sarki kiɗa. Ɗan kuwa, waƙar da ta fara fid da sunansa ita ce ta Karen Mota. Duk wanda ya taɓa ɗora kaya a tasha ya san karen mota: yaron direba, mai loda kaya da sauke su, mai cire taya in ta fashe, mai dirowa da gudu ya sa weji in mota ta tsaya a kan tudu, mai kwana a bisa buhuna cikin ƙura da sanyi. Da shi a ke cin riba, ba a kuwa san sunansa ba. Kafin wannan, in an ji kirari to galibi na mai sarauta ne, ko mai dukiya, ko jarumi. Sai ga yaro da gwangwani ya tsaya ya bayyana wahalar wanda ba shi da abin ba shi.

Daga nan ya bi sauran talakawa masu ƙananan sana'o'i yana yi musu waƙa, ya kuma juya ga halayen zaman duniya. A cikin Jawabin Aure ya jera ɓarnar da saki ke haifarwa, ya gargaɗi ma'aurata su nemi sulhu. A cikin Auren Dole ya soki iyayen da ke ɗaura wa 'ya aure da wanda ba ta so. A cikin Gulma Wuya ya kawo labarin magulmaciya mai haɗa baki da boka tana raba mata da mazansu, yana sauya murya yana kwaikwayon kowane ɗaya, har mai ji ya ɗauka mutane da yawa ne a wurin. Akwai Mai Akwai da Babu, a kan zaman mawadaci da matalauci. Akwai Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali, wadda sunanta kaɗai ya isa wa'azi. Sa'ad da aka yi yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojan tarayya waƙoƙi masu yawa na ƙarfafa zuciya.

Zamani kuma ya taimake shi. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, da faifan garmaho, da kaset daga baya, su suka kai muryar makaɗan Hausa inda ƙafarsu ba ta taka ba. Ƙaramin sautin da a dandali sai na kusa ke ji, da ya shiga na'ura sai ya yi daidai da na manyan ganguna. Kuntigi ya fita har ƙasashen waje, gwamnatin Nijeriya ta ba mai shi lambobin girma, Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa.

FASALI NA BIYAR: MAKAMANCIN WANNAN A LITTATTAFAN LARABAWA

Kada a zaci wannan al'amari na ƙasar Hausa ne kaɗai, ko na wannan zamani. Masu karatun adabi sun san Kitabul Agani na Abul Faraji al-Isfahani, a cikinsa kuwa akwai labarin wani maraya wanda ya rigayi na Bukuru da shekara fiye da dubu. Shi ne Ibrahim al-Mausili, wanda aka haifa a Kufa a shekara ta 125 ta Hijira. Asalin gidansu manyan Farisa ne, ba mawaƙa ba. Ubansa ya rasu yana ƙarami, ya tashi a hannun masu riƙo. Da kawunnansa suka ga ya karkata ga waƙa sai suka tsananta masa, ya gudu zuwa Mausil, daga nan laƙabinsa ya fito. Ya wuce Rayyu ya ƙara koyo, har ya zama mawaƙin fadar Halifa Haruna Rashid a Bagadaza, ya rasu a shekara ta 188.

Ɗansa Ishaƙu ya tashi ya tarad da sana'a a gida. Ya koya wajen ubansa da wajen Zalzal, gwanin kaɗa udu, wanda shi ne molon Larabawa. Amma uban bai bar shi da wannan kaɗai ba. Ishaƙu ya yi karatun hadisi, ya ɗauki lugga da adabi wajen Asma'i da Abu Ubaida, har aka ruwaito cewa Halifa Ma'amun ya ce da ba don ya riga ya shahara da waƙa ba, da ya naɗa shi alƙali. Ya rasu a shekara ta 235.

Fa'ida biyu ke cikin wannan. Ta farko, abin da ya ke shigege ga uba shi ne gado ga ɗa. Kowane gidan gado, in aka bi salsalarsa, za a tarad da wani yaro guda wanda ya fara ba tare da ya gada ba. Ta biyu, tsanantawar kawunnai ba ta cire wa Ibrahim abin da ke ransa ba, sai dai ta raba shi da gida. Karatun da aka ba Ishaƙu kuwa bai hana shi kiɗa ba, amma ya ba shi mutuncin zama cikin malamai. Ibn Haldun ma a cikin Muƙaddima ya lissafa waƙa cikin sana'o'i, ya kuma bayyana cewa kowace sana'a da koyo da maimaitawa ta ke zama jiki. Jini ba ya kaɗa tsirkiya, sai yatsan da ya sha wuya.

FASALI NA SHIDA: MAGANAR MALAMAI

Ba daidai ba ne a kawo wannan labari a gaban ma'abota ilmi a tsallake hukunci. Mai Risala, Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, ya hana mutum ya yi nufin sauraron kayan wasa da waƙa. Muhtasar na Halil, a babin walima, ya sauƙaƙa a kan bandirin biki, ya kawo saɓani a kan waɗansu. Imam Gazali a cikin Ihya'u ya halatta sauraron murya mai daɗi bisa sharuɗɗa, amma ya fid da masu tsirkiya da sarewa, saboda a zamaninsa alamar mashaya ce. Ibn Hazmi na Andalus ya tafi a kan halasci, don bai ga ingancin hadisan hani ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ji ƙansa, a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe ba da wata manufa ta shari'a ba cikin al'adun sarakunan da ya yi wa jihadi, ya ware ganga don tara runduna da sanarwa da makamantansu. Daga baya a cikin Najmul Ihwan ya kawo saɓanin malamai, ya yi gargaɗi a kan tsananta inkari cikin abin da aka saɓa.

Kuntigi mai tsirkiya ne, saboda haka a wajen mafi yawan waɗannan malamai yana ɓangaren hani. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne, fatawa kuwa ta masu ita ce, kowa ya tambayi malaminsa. Amma akwai wurin da ba a yi saɓani ba, shi ne maganar da ke fita daga baki. Yabon ƙarya, da zambo, da batsa, da cin naman mutane don a tsorata su su ba da kuɗi, haramun ne ko da ganga ko ba ganga. Umurni da sulhu, da tausayin matalauci, da hana zalunci ga 'ya mace, alheri ne a bakin kowa ya fito. Shehu da ƙanensa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u da waƙa suka karantad da jama'a cikin Fulatanci da Hausa, Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi kuwa da rerawa ta shiga gidaje. Ashe ma'auni biyu ne, na abin da ke hannu da na abin da ke baki. A kan na farko malamai sun yi magana. A kan na biyu, duk wanda ya saurari marayan Bukuru ya san inda ya fi nauyi.

KAMMALAWA

Yanzu sai a koma ga maganganu uku na farko. Mai cewa jini ne yana da rabin gaskiya: ɗan makaɗi ya zama makaɗi ko da bai ga uban ba. Amma Shata da Ibrahim al-Mausili ba su gada ba, shi kansa Ɗan Maraya kuwa bai ɗauki gangar fada ba, bai kuma tsaya ga yabon masu sarauta ba. Mai cewa ruɗin Shaiɗan ne ya tuna cewa kunnen da ke rarrabe sauti baiwa ce, da shi a ke gyara tilawa, da shi ladan ke tada masu barci. Shaiɗan yana shiga ne ta wajen abin da aka yi da baiwar, da abokan da aka yi ta tare da su. Mai cewa ƙuruciya ce za ta wuce, ga wasu yaran ta kan wuce, ga wasu kuwa sai kabari.

Saboda haka uban da Allah ya jarrabe shi da irin wannan yaro, ko mai riƙon maraya irinsa, abu uku ke wuyansa. Na farko, ya tsare harshensa daga yi masa baki, domin bakin uba ba ya faɗuwa ƙasa, korar yaro kuwa ba ta korar abin da ke zuciyarsa, sai dai ta miƙa shi ga tasha da gidajen da ba a so. Na biyu, ya cika shi da Alƙur'ani da sanin farillansa, ya kuma danƙa masa wata sana'a ta hannu ko ta kasuwa, don kada yunwa ta tilasta masa yabon wanda bai cancanta ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Na uku, in ya bi fatawar hani, to kada ya toshe ƙofa ya tafi, ya buɗe wa kunnen nan wata: tajwidi, da kiran salla, da waƙoƙin wa'azi da na begen Annabi. In kuwa duk da haka yaro ya girma ya bi abin da ya bi, to abin da aka zuba masa tun yana ƙarami shi ne zai fito daga bakinsa, jama'a su ji.

Alhaji Adamu Ɗan Maraya ya rasu a Jos ran Asabar, 20 ga Yuni, 2015, daidai da farkon watan azumi na shekara ta 1436. Allah ya ji ƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, ya saka wa wanda ya riƙe shi yana jariri, ya shirya zuriyar Musulmi baki ɗaya. Allah shi ne mafi sani. Wassalamu.